Bayan rushewar masallacin Birni: wa zai riƙa yi wa gine-ginen tarihin Nijar yaɓe?

A farkon watan Satumba na shekarar 2024, lokacin da ruwan sama ke sauka kamar da bakin ƙwarya a jahar Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe. Cikin ƴan awoyi hotunan bidiyo suka karaɗe WhatsApp da Facebook, ana ganin yadda ginin ke zubewa har ya koma tarin ƙasa. Masallacin, wanda aka gina da laka a tsakiyar ƙarni na 19, ya yi fiye da shekara 150 yana karɓar masallata, kuma yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a ƙasar bayan babban masallacin Agadas. Rahotannin da aka bayar a lokacin sun ce an riga an lura da tsagewa a jikinsa, amma ruwan bai ba da sararin gyara ba.

Damanar 2024 ta yi ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Alƙaluman hukuma sun nuna mutane sama da 300 sun rasa rayukansu, ambaliyar kuma ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, har sai da aka ɗage komawar yara makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba. A irin wannan hali wani zai ce maganar tsohon gini ba ta taso ba. Sai dai abin da ya kayar da masallacin shi ne ya kayar da dubban gidajen talakawa, domin da ƙasa iri ɗaya aka gina su. Mafi yawan ƴan Nijar a ɗakin laka suke kwana, kuma manyan gine-ginen da ƙasar ke tinƙaho da su, daga hasumiyar Agadas zuwa fadar Sarkin Damagaram da masallacin Yama, duka na laka ne. Irin wannan gini yana daɗewa ne gwargwadon yadda ake duba shi da yi masa yaɓe. Idan aka daina, damana kaɗan sun isa su gama da shi, ko da sunansa na cikin kowane irin kundi.

Birni, inda masarauta ta bar sawunta

Unguwar Birni ita ce zuciyar tsohon garin Damagaram. Tana zaune a tsakanin manyan duwatsu, lungunanta ƴan sirara ne masu lanƙwasa, kuma kusan duk wanda aka bi zai kai mutum ƙofar fada. Masarautar ta samo asali ne a ƙarni na 18, amma ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884. A zamaninsa aka kewaye birnin da ganuwa mai kauri, aka ƙera bindigogin igwa a cikin gari, kuma Damagaram ta zama babbar matattara a kan hanyar fatake da ta haɗa Kano da Tarabulus ta Agadas. Ta nan ake wucewa da fatu da gashin jimina da gishiri da tufafi, har ma da bayi, kamar yadda cinikin wancan zamani ya kasance. Fataken da suka iso ba a cikin ganuwa suke sauka ba, a Zango suke yada zango, abin da ya sa unguwar ta samu sunanta da kuma manyan gidajen attajirai.

Fadar da ake gani yau an gina ta ne wajajen 1850, kuma har gobe ba gidan kallo ba ce kawai. A nan sarki ke zama da fadawansa, a nan ake kawo ƙara da sulhu, daga nan ake hawan sallah, dogarai cikin jajayen riguna na gaba. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdul Karim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852. A 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka kashe kyaftin ɗin Faransa Cazemajou a Damagaram, shekara ta gaba kuma sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga birnin. Damagaram ta riƙe matsayin babban birnin yankin mulkin mallaka har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai, kuma ƙarancin ruwan sha na cikin dalilan da aka bayar.

Duk wannan tarihi yana rubuce a jikin bango. Tsoffin gidajen Birni da Zango suna da fuska mai zane: ana fitar da siffofi da laka tun tana ɗanya, ko a sassaƙa su a kan yaɓe, sannan a shafa launi. Akwai dagi, akwai da'ira da murabba'i, akwai takobi da allo, a gidajen da aka gina daga baya har da keke da jirgin sama. A saman bango kuma zankwaye ne ke tsaye a kusurwoyi. Zanen ƙofar gida yana faɗin matsayin mai gidan tun kafin baƙo ya yi sallama, zaure kuma shi ne iyakar inda namiji baƙo zai tsaya. Wato tsarin ginin kansa yana koyar da yadda ake zaman gida a ƙasar Hausa. Ganuwar Tanimu dai yanzu sai guntaye a wurare kaɗan, sauran ruwa ya cinye ko an ɗebi ƙasarta an yi gini.

Yadda ake tayar da ginin laka

Wanda bai sani ba zai ɗauka ginin laka ƙasa ce kawai da ruwa. Maginin gargajiya yakan fara da zaɓen ƙasa, domin wadda yumɓu ya yi mata yawa tsagewa take yi, wadda yashi ya rinjaya kuma ba ta kamawa. Ana jiƙa ta, a tattake da ƙafa, a haɗa da busasshiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin a yi aiki da ita. Tubalin dā da hannu ake mulmula shi, gindi mai faɗi da kai mai tsini, a shanya a rana, sannan a jera shi tsaye ana cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar laka. Bango yakan fara da kauri sosai daga ƙasa, yana raguwa yayin da yake hawa. Wannan kauri ne ke sa soro ya yi sanyi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Damagaram da Tawa, ya kuma riƙe ɗumi a lokacin hunturu.

Rufi kuwa da azara ake yin sa, wato faskararren itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta kai mita biyu, don haka magina suka ƙirƙiro dabarar ɗora azara bisa azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaure su ana rufewa da laka har su haɗu a sama su zama baka. Idan bakuna suka gitta juna sai a samu ɗaurin guga, wanda ke ba da damar rufe babban ɗaki ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wannan ita ce fasahar da ta sa masana gine-gine na duniya ke zuwa kallon zaurukan sarakunan Hausa.

Abin da ke kare duk wannan aiki daga ruwa shi ne shafen waje. A ƙasar Hausa an san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ke nan ginin soro ya dogara da marini da majemi da mai saran giginya. Da marina suka ragu, kayan haɗin suka yi wuya. Giginya ma ta ragu, dazuzzukanta irin na yankin Gaya suna ƙarƙashin kariyar hukumar gandun daji, azara ta yi tsada. Shafen nan kuma ba na dindindin ba ne, bayan ƴan shekaru sai an sabunta.

Ruwa ta hanya biyu yake kayar da ginin laka. Ta sama, idan indararo ya toshe ko rufi ya tsage, ruwa ya kwanta ya ratsa cikin bango. Ta ƙasa kuma, idan ruwa ya taru a gindin bango ya jiƙa shi har ya kasa ɗaukar nauyin da ke bisansa. A tsoffin unguwanni matsalar ta biyu ta ƙaru, saboda magudanan ruwa na cikewa da leda da shara, wasu hanyoyin da ruwa ya saba bi an yi gini a kansu. Akwai kuma kuskuren da ya zama ruwan dare, wato shafa siminti kai tsaye a kan bangon laka. Mai gida yana ganin ya huta da yaɓe, alhali siminti ba ya barin bango ya fitar da danshi. Ruwa na shiga ta ƙaramar tsaga ya maƙale a ciki, laka na ruɓewa a ɓoye, wata rana shafen ya ɓalle gaba ɗaya ya tafi da rabin bango.

Agadas, wadda duniya ta sani

A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne wuri na uku da Nijar ta samu, bayan yankin Ayar da Tenere a 1991 da gandun dajin W a 1996, kuma shi kaɗai ne aka karɓa saboda gine-gine da al'ada. Garin ya bunƙasa a ƙarni na 15 da na 16 bayan kafuwar masarautar Ayar, kuma unguwanninsa 11 sun bi sawun yadda ƙabilun Abzinawa suka kafa tantunansu tun farko, shi ya sa titunansa ba su miƙe ba.

Hasumiyar babban masallacin tana da tsawon mita 27, kuma UNESCO ta bayyana ta a matsayin gini mafi tsawo irinsa da aka yi da laka zalla a duniya. An fara gina masallacin wajajen 1515, ana danganta aikin ga wani malami mai suna Zakariyya, aka kuma sake gina hasumiyar a 1844. Itatuwan da suka fito daga jikinta, waɗanda baƙo zai ɗauka ado ne, suna ƙarfafa ginin, sannan su ne matakalar da magina ke takawa idan za a yi yaɓe. Ma'ana waɗanda suka tayar da ita sun san za a riƙa hawa ana gyara ta, sai suka bar wa na baya wurin sa ƙafa. Haka kuma aka riƙa yi, lokaci zuwa lokaci ana tara jama'a ƙarƙashin jagorancin fadar Sarkin Ayar a sabunta mata shafe.

Ban da masallacin, akwai fadar sarkin, da gidan da Barth ya sauka a 1850, da gidan mai burodi da aka ƙawata cikinsa da zane tun daga ƙasa har rufi. A dā masu yawon buɗe ido daga Turai na kawo kuɗin da ke taimaka wa masu gidaje da masu sana'ar hannu. Tun bayan tawayen 2007 da matsalar tsaron da ta biyo baya a yankin Sahel, wannan kasuwa ta durƙushe. Agadas gari ne na hamada da aka gina shi don ɗan ruwa kaɗan, amma a ƴan shekarun nan ana samun ruwa mai ƙarfi da ke sauka a lokaci guda, kuma damanar 2024 ta taɓa gidaje a cikin tsohon garin. Shiga jerin UNESCO yana kawo suna da shawarwarin ƙwararru, amma nauyin kula da wuri yana nan a wuyan ƙasar da ta mallake shi.

Darasin Yama da Dandaji

Ba duk ginin tarihi ne ya kai ɗaruruwan shekaru ba. A ƙauyen Yama na jahar Tawa, a 1962, dattawan gari suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka damƙa aikin ga wani magini ɗan garin, Falke Barmu. Ba kamfani, ba injiniya. Kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace. Da farko gini ne mai sauƙi. Daga 1975 Falke Barmu ya sake rufin da bakuna da tulluwa a tsakiya, daga baya ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, aka kammala a 1982. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wannan fanni a duniya. Wanda ya yi shi manomi ne kuma magini da ya koyi sana'ar da hannu.

A garin Dandaji, shi ma a jahar Tawa, an ga wata hanyar. Tsohon masallacin laka na garin ya tsufa kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a rushe shi, masu zanen gine-gine biyu, Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar asalin Iran, suka tsara a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. Maginan yankin ne suka yi aikin, aka kammala a 2018, kuma ya samu lambobin yabo na ƙasa da ƙasa. Tun cikin shekarun 1980 ma ana horar da magina a Nijar kan gini marar katako, inda ake rufe ɗaki da tulluwar tubali ba azara ba kwano. Waɗannan misalai sun nuna cewa hannun da ya iya aikin yana nan, abin da ya rage shi ne a ba shi aiki a biya shi.

Doka na nan, sauran aiki

Nijar na da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga watan Yuni na 1997, wadda ta tanadi kariya da adanawa da raya kayan tarihi da al'adu na ƙasa. A 2006 kuma ƙasar ta miƙa wa UNESCO jerin wuraren da take fatan a karɓa nan gaba. Cikinsu akwai unguwar Birni da fadar Damagaram, da masallatan laka na jahar Tawa, da fadar Zarmakoy na Dosso, da tsoffin garuruwan Jado da ke can arewa maso gabas, da garin Lugu na Sarauniya. Wannan jeri na jira ne, ba ya zuwa da kuɗi, kuma kafin a karɓi wuri sai ƙasa ta nuna iyakokinsa da tsarin kula da shi da wanda zai ɗauki nauyi.

A tsoffin unguwanni kuwa matsalar ta fi kusa da gida. Yawancin gidaje masu zane gado ne da magada da yawa suka haɗa, wasu na Yamai, wasu na Kano ko Libiya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fitar da kuɗin gyara. Wanda Allah ya buɗa masa kuma sau da yawa abin da yake fara yi shi ne rushe soro ya tayar da na bulo da kwano, domin a idon jama'a ginin siminti alama ce ta samu, na laka kuma alamar rashi. Ƴaƴan magina na ganin haka, sai su koyi aikin siminti inda kuɗin yake. Sarautar sarkin magina tana nan a masarautu, amma masu iya ɗaurin guga da zanen bango na raguwa.

Haɗarin bai tsaya ga asarar tarihi ba. A watan Agusta na 2023 wani sashe na rufin babban masallacin Zariya a Najeriya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a cikin shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana cikin sallar la'asar, mutane da dama suka rasu. Gini ne na wannan fasaha ta Hausa, kuma irinsa ake shiga sau biyar a yini a garuruwa da ƙauyukan Nijar. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, yaɓen babban masallaci biki ne na shekara-shekara da duk gari ke fitowa, abin da ya sa ginin da aka tayar a 1907 yake tsaye.

An ga yadda gwamnati ke iya tara ƙarfi idan ta so. Bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jaha-jaha, irin su Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017 da Zinder Saboua a 2018, sun kawo sabbin tituna da gine-gine cikin watanni. Abin da tsoffin gine-ginen laka ke bukata bai kai wannan tsada ba, sai dai yana son a riƙa yin sa kowace shekara ba fashi. Masana ginin ƙasa sun daɗe suna nanata matakan: a ƙidaya gidaje da masallatan da ke da muhimmanci a san halin da kowane ke ciki, a duba rufi da indararo kafin ruwan farko, a yashe magudanai a nisantar da ruwa daga gindin bango, a cire shafen siminti inda yake cutarwa, a kuma ware wa ma'aikatun magajin gari da masarautu ɗan kasafin da za su biya tsoffin magina su koyar da matasa a kan aiki.

Za a iya sake tayar da gini a inda wani ya faɗi, amma bangon da maginan ƙarni na 19 suka ɗora a masallacin Birni ya riga ya tafi. Fadar tana nan, gidaje masu zane na Birni da Zango da dama suna nan, haka ma hasumiyar Agadas da masallacin Yama. Lokacin gyaran ginin laka sananne ne ga kowane magini: daga ƙarshen kaka zuwa bazara, sa'ad da ƙasa ke bushewa kuma hannu ya huta da aikin gona. Wata bakwai ne ko takwas a kowace shekara, kuma wanda ya bari hadari ya haɗu kafin ya nemi magini, sai dai ya jira abin da damana za ta bar masa.